An rubuta ruwa mai kyau, yaro na kwance yana amai

A Ingila ana fara awon tsabtar ruwan bakin teku ranar 15 ga Mayu, ranar 30 ga Satumba a tattara kwalabe a ajiye. Wata huɗu da rabi ke nan. Sauran wata bakwai da rabi na shekara kuwa, ko me za a zuba a tekun, babu jami'in da zai zo ya ɗebi ruwan ya duba. Wanda ya tsara wannan abu 'yan hutun bazara kawai ya sani, masu shimfiɗa tawul a kan yashi su tsoma ƙafa su koma. Masu hawan igiyar ruwa da katako ba su cikin lissafinsa, alhali su lokacinsu ma sai bazara ta wuce. Manyan igiyoyin da suke nema daga Oktoba suke zuwa, tare da iska da ruwan sama, wato daidai lokacin da ake sakin ruwan masai cikin teku, kuma daidai lokacin da masu awo suka tashi daga aiki. Don Allah wannan wane irin tsari ne?

Aiki ne ya kawo mu Cornwall, can ƙuryar kudu maso yammacin ƙasar, inda wasan nan yake kamar ƙwallo a wajenmu. Babban yarona a makaranta ya kwaso shi daga abokai. Na yi faɗa har na gaji, Abbansu ya ce in ƙyale shi, gara teku da zaman ɗaki ana latsa waya. Muka daure muka sayi katako da baƙar rigar robar nan da ke hana sanyi shiga jiki. Ni tsorona a lokacin kada ruwa ya cinye mini ɗa. Kashin mutane ko a mafarki bai zo mini ba.

A watan Nuwamba aka kwana ana ruwa, gari ya waye Asabar, shi da abokansa suka tafi. Da ya dawo yana cire rigar a banɗaki ya ce, "Umma, yau ruwan wani irin ƙarni yake yi." Washegari da dare amai ya taso, gudawa ta biyo baya, sai zazzaɓi, kunne ɗaya kuma ya ɗauki ciwo. Na kwana tsakanin roba da tsumma, ina dama masa ruwan gishiri da sukari yana kurɓa yana dawowa da shi. Da muka samu ganin likita, tambayar farko ita ce ko ya shiga teku bayan an yi ruwan sama. Ashe abin sananne ne, mu ne baƙi. Da na je bakin ruwan da kaina na bi layin da igiya ke ajiye tarkace, ga tsumman goge jarirai ya naɗe a jikin ciyawar teku, ga tsinken goge kunne, ga ƙunzugun mata. Waɗannan ba kifi ne ya kawo su ba, daga masai suka fito.

Kuma a bakin hanyar shiga wajen, allon sanarwa yana nan tsaye da taurarinsa, wai ruwan nan mai kyau ne. Sai da na zauna na karanta yadda ake samo taurarin, raina ya ƙara ɓaci. Matakai huɗu ne, daga mafi kyau zuwa mara kyau, kuma ana yanke hukuncin ne da sakamakon shekara huɗu a haɗe, duk na bazara. A bazarar ma ɗiban bai wuce sau 20 ba, kusan sau ɗaya a mako, wasu wuraren ko hakan ba sa samu. Ƙwayoyin cuta iri biyu kacal ake nema, E. coli da wata 'yar'uwarta da ita ma a hanji take zama. Ba a neman ƙwayar bairos mai sa amai da gudawa, ba a neman guba ko ragowar magunguna. Ruwan da aka ɗiba sai ya kwana ɗaya ko biyu a ɗakin gwaji kafin ƙwayoyin su tsiro a ƙirga su, kafin a wallafa sakamako wanda zai sha ya riga ya sha. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne doka ta yarda a jefar da sakamakon da aka ɗiba lokacin gurɓatar da ake kira ta ɗan lokaci, har kashi 15 cikin 100 na duka awon, muddin an yi gargaɗi a ranar. To in an cire munanan ranaku, an cire hunturu gaba ɗaya, me zai hana taurari su yi kyau?

Tushen matsalar a ƙarƙashin ƙasa yake. A tsofaffin garuruwan ƙasar nan bututu ɗaya ne ke kwasar ruwan masai da na kicin da na saman da ya sauka a titi. In ruwa ya yi yawa bututun ya cika, akwai ƙofofin da ke buɗewa su saki komai yadda yake zuwa kogi ko teku, don kada ya koma cikin gidajen mutane. An ce don ruwan sama na fitar hankali aka yi su. Amma alƙaluman gwamnati da kanta sun nuna a 2023 an saki irin wannan ruwa sau fiye da 460,000 a Ingila, na tsawon sa'o'i miliyan 3.6. A 2024 sa'o'in ba su ragu ba. Ruwan fitar hankalin kullum ake yin sa? A 2023 ɗin ma BBC ta bankaɗo cewa wasu kamfanonin ruwa, masu kula da bututun, sun saki ƙazantar a ranakun da ko ɗigon ruwan sama bai sauka ba.

Za a ce ai yanzu an saka na'ura a bakin kowace ƙofa. An saka, an kammala a ƙarshen 2023. Na'urar tana faɗin yaushe aka buɗe, yaushe aka rufe. Ba ta faɗin yawan abin da ya fita, ba ta faɗin abin da ke cikinsa. Kuma na'urar ta kamfani ce, shi ke karantawa ya miƙo rahoto. Tun 2009 ma aka bar wa kamfanonin ruwa su riƙa auna ruwan da ke fita daga matatunsu da kansu. An ba kura ajiyar nama, sannan ana tambayarta ko naman yana nan. Mun kuwa ga abin da hakan ya haifar: a Yulin 2021 kotu ta ci kamfanin ruwa na Southern Water tarar fam miliyan 90 bayan ya amsa laifin sakin ruwan masai ba bisa ƙa'ida ba kusan sau 7,000 tsakanin 2010 da 2015.

Masu hawan igiya ba kamar masu ninƙaya ba ne, igiya na kifar da su tana dulmiya su, ruwa na shiga baki da hanci da kunne. Binciken Jami'ar Exeter na 2018 ya gano kashi 9 cikin 100 na masu wasan suna ɗauke da E. coli mai bijire wa maganin kashe ƙwayoyin cuta a hanjinsu, waɗanda ba sa wasan kuwa kashi 3 ne. Ninki uku. Ina karanta wannan ina kallon yaron da yake cin tuwo a kwano ɗaya da ƙannensa. Ni kuma da nake wanke rigar, sai na riƙa tambayar kaina sau nawa zan ɗauraye ta kafin in yarda najasa ta fita, don a banɗakin da muke alwala ake shanya ta.

Yanzu abin da muke dogara da shi manhajar wata ƙungiyar sa-kai ce, Surfers Against Sewage, wadda masu hawan igiya suka kafa a nan Cornwall a 1990 saboda sun gaji da ciwo. Su ne suka riƙa zanga-zanga da rigar roba da takunkumin hayaƙi mai guba a fuska. Fiye da shekara 30 ke nan ana abu ɗaya. Manhajar tana nuna ja in an buɗe ƙofa kusa da wajen wasa, Allah Ya saka musu, amma su ma yawancin bayanin daga kamfanonin yake zuwa musu. Kullum da safe kafin shayi sai na duba, in ja ne in ɓoye makullin ɗakin da katakon yake. Sai a yi ta rigima: "Umma, igiyar yau ba a samun irinta!" In ce ko ta zinariya ce ba inda za ka.

Duk wannan fa ba kyauta ake yi mana ba. An sayar da kamfanonin ruwa ga 'yan kasuwa tun 1989, masu hannun jari sun kwashi ribar biliyoyin fam, bututu yana nan yadda kakanninsu suka bar shi. A Afrilun 2025 aka ƙara kuɗin ruwa da kusan kashi 26 cikin 100 a matsakaici, wai don a gyara. Kuma wani kaso mai tsoka na takardar da ake aiko mana kuɗin tace ruwan masai ne. Na biya a tace, an zuba a teku ba a tace ba, ɗana ya sha, ni kuma na rasa kuɗin kwanakin da ban je aiki ba. Da na faɗa wa yayata a waya dariya ta yi, ta ce, "A Turan?" E, Yaya, a Turan.

A 2025 gwamnati ta sanar za ta cire tsayayyun ranakun awon nan daga doka don a iya tsawaita lokacin a inda ake buƙata. "A iya" ba "dole" ba ne, mun san irin wannan magana. Abin da muke nema ba shi da wuya: inda duk ake hawan igiya a auna ruwan daga Janairu zuwa Disamba, a auna musamman washegarin ruwan sama, mai awon kada ya zama mai zubarwar, kuma duk ranar da aka buɗe ƙofa a kafa jan kyalle a bakin ruwa inda yaro ɗan shekara 15 zai gani da idonsa. In ba za a yi ba, a tuge allon taurarin nan daga Oktoba, a daina yi wa iyaye ƙarya.