Wa Zai Tsaya wa Wanda Ya Fito Daga Gidan Yari a Jos?

A Jos, yaro ba ya samun gurbi a garejin makanikai na Farin Gada ko rumfar kafintoci a Katako don ya nuna takarda. Wani ne ke riƙo hannunsa, kawu ko maƙwabci ko limamin unguwa, ya kai shi gaban maigida ya ce, "Alhaji, ga yaron nan, ni na tsaya masa." Da wannan kalma ake aikensa Dilimi da kuɗin kayan gyara, da ita ake bar masa makullin shago. Wanda ya fito daga gidan yari ba shi da mai faɗin wannan kalma a kansa, kuma a ganina nan ne shirin gyaran hali ke karyewa.

Lokacin da 'yan bindiga suka kai hari gidan yarin Jos a watan Nuwamban 2021, fursunoni sama da 250 suka tsere, gari ya ɗauka da maganar katanga da tsaro. Amma a kai a kai mutane na fitowa ta ƙofar gaba, sun gama wa'adinsu, babu mai tambayar inda za su kwana ko abin da za su ci.

Doka kam ta yi gaba. A 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar da ta mayar da hukumar gidajen yari Hukumar Gyaran Hali ta Najeriya, ta ɗora mata nauyin ilimantar da ɗaurarru da koya musu sana'a. Jami'ar karatu daga gida, NOUN, ta buɗe cibiyoyi a gidajen yari irin su Kuje da Kirikiri, ta yafe wa fursunoni kuɗin makaranta, har wasu sun yi digiri a tsare. Nan Filato akwai gonar hukumar a Lakushi. Ba na raina ko ɗaya daga ciki.

Dokar ta kuma tanadi takardar shaidar kyakkyawan hali ga wanda ya gyaru, ta ce kada a nuna masa bambanci don ya taɓa zaman kaso. To amma kai wannan takarda gaban mai walda a Titin Bauchi ka ga. Zai karanta, ya yi maka fatan alheri, ya ce babu gurbi. Ba mugunta ba ce. Injinsa da janaretonsa su ne jarin da yake ciyar da iyali da su, in suka salwanta babu mai biyansa. Su kuwa tsofaffin abokai 'yan sara-suka ba sa neman takarda. Su ne za su fara tarbarsa, su saya masa abinci, su ba shi wurin kwana, kuma ba kyauta suke yi ba.

Shi ya sa nake ganin kuɗin da ake kashewa wajen rabon keken ɗinki ranar sallama ya fi amfani in aka juya shi. Mutumin da ba shi da shago, ba shi da mai kawo masa ɗinki, ga yunwa, sayar da keken zai yi, kuma ban ga laifinsa ba. Abin da ya dace shi ne tun saura wata shida ya fito a haɗa shi da maigidan da zai karɓe shi. Maigidan ya shiga ya gan shi, ya duba aikin hannunsa, su san juna. In ya fito, gwamnati ta riƙa biyan maigidan wani abu duk wata na tsawon shekara, shi ma yaron a ba shi na mota da abinci, sannan a ware asusun da zai biya asara in kaya sun ɓata. Wato gwamnati ta zama mai cewa "ni na tsaya masa." Kayan aiki su biyo baya, ranar da maigida ya yaye shi.

Jos ba ta da uzuri a nan. Hukumar ITF, wadda aka kafa a 1971 don horar da ma'aikata da masu sana'a, hedikwatarta a garin nan take. Ƙungiyoyin makanikai da teloli da kafintoci suna da shugabanni, sun san wanda ke da amana a cikinsu. Kuma tun gyaran tsarin mulki na 2023, harkar gidajen gyaran hali ta shiga cikin abubuwan da jihohi ke da ikon yi wa doka, don haka gwamnatin Filato ba sai ta jira Abuja ba.

Na san abin da za a ce: ga matasa masu digiri suna tuƙa keke napep, ba su taɓa ɗaukar kayan kowa ba, don me za a fara da ɓarawo? Tambayar tana da nauyi, ba na ɗaukarta da wasa. Sai dai kuɗin ana kashe shi ko ta yaya. Kuɗin abincin fursuna ɗaya ya tashi daga naira 750 zuwa 1,125 a rana, sama da naira dubu 33 ke nan a wata, ban da albashin gandirebobi da zirga-zirgar kotu. In ya koma ciki, mu za mu sake biya, bayan an ƙwace wa wata baiwar Allah waya a Taminus ko an sari ɗan wani. Kuma wanda ke da abin yi ne kaɗai zai iya biyan wanda ya cuta. Dokar 2019 ta buɗe ƙofar sulhu tsakanin mai laifi da wanda aka zalunta, ya kamata a riƙa cire wani kaso daga abin da yake samu ana mayar wa mai haƙƙi.

Akwai waɗanda shirin ba zai kai gare su ba sai an nemo su. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a ƙasar nan jiran shari'a suke yi, kuma yawancin horon an tsara shi ne don waɗanda aka yanke wa hukunci. Mutum ya shekara uku a ciki, kotu ta sallame shi, ya fito ba sana'a, ga tambarin gidan yari a goshi. Sunansu ya kamata ya zo farko a duk jerin da za a miƙa wa shugabannin masu sana'a, kuma Majalisar Dokokin Jihar Filato ta sa kuɗin a kasafi mai zuwa.