Ƙarar "ƙas" ba ta mayar da ƙashi

Kwanakin nan duk wanda ya buɗe TikTok ko Facebook a Legas sai ya ci karo da bidiyon masu danna baya da ake kira kairofirakta: mutum kwance rub-da-ciki, wani mai farar riga ya danna masa ƙugu, sai ka ji ƙas! Mara lafiya ya miƙe yana washe baki, wai ciwon shekara uku ya tafi. Yanzu har da Hausa ake tallar, kuma 'yan'uwanmu na Agege da Mile 12 sun fara kai kuɗinsu. Abin da ya ƙule ni shi ne bayanin da ake yi musu, wai ƙashin baya ne ya goce ya danne jijiya, su kuma sun mayar da shi mazauninsa.

Ciwon nan, wanda likitoci ke kira sayatika, sunansa ya samo daga jijiyar da ta fi kowace tsawo da kauri a jikin mutum. Daga ƙasan gadon baya ta fito, ta ratsa ɗuwawu, ta bi bayan cinya, rassanta suka kai har tafin ƙafa. Shi ya sa mai ciwon zai ce maka kamar wutar lantarki ke bin ƙafarsa guda, wani lokaci tari kawai zai yi ya ji ta. Galibi faifan guringuntsi da ke tsakanin ƙasusuwan baya ne ke ɓullowa waje ya matse tushen jijiyar. Ga tsofaffi kuma, hanyar da jijiyar ke bi ce ke ƙuntata. Faifan nan yana can ciki, bayan tsoka da ƙashi. Babu tafin hannun da zai tura shi ya koma. Ƙarar kuwa iska ce a ruwan gaɓa, irin wadda yaro ke yi idan ya ja yatsunsa.

Sana'ar kairofirakta ba a asibiti aka haife ta ba. D.D. Palmer ne ya ƙirƙiro ta a 1895 a garin Davenport na jihar Iowa a Amurka, bayan ya yi iƙirarin ya warkar da kurma ta hanyar danna masa baya. Ban hana ba, tausa da motsa gaɓoɓi kan sassauta ciwon baya na yau da kullum, kamar yadda motsa jiki ke yi. Amma akasarin masu sayatika suna samun sauƙi cikin makonni shida zuwa wata uku ba tare da tiyata ba. Wanda ya biya kuɗin zama goma a wannan tsakanin, ciwon ya lafa don kansa, mai farar riga ya kwashe yabo da kuɗi.

Na tambayi wani dattijo ɗan dako a Mile 12, wanda ya shekara yana sauke kwandunan tumatir, me ya sa yake jan ƙafa. Ya ce, "Ɗana, sanyi ne. Na sha agbo, na yi ƙaho, yanzu yara sun ce in je a danna." Takalminsa na dama ya cinye ta gaba, don yatsun ba sa ɗagawa idan yana tafiya. Na ce, "Baba, wannan ta wuce dannawa."

Nan ne haɗarin yake. Ƙafar da ta fara mutuwa, fitsari ko bayan gida da ke zuwa ba a sani ba, rashin jin taɓi a tsakanin cinyoyi, duk alamun gaggawa ne, na asibitin ƙashi na Igbobi ko asibitin koyarwa na Jami'ar Legas (LUTH) da ke Idi-Araba, a ranar. Kuma a ƙasarmu tarin fuka na cin ƙashin baya. Mai zazzaɓin dare da rama da ciwon ƙugu, a hau bayansa a danna? Ga yaran da allurar kemis a ɗuwawu ta taɓa musu jijiyar, su wane ƙashi za a mayar musu?

Masu cewa asibiti tsada da layi, sai su lissafa kuɗin zama goma da na maganin ciwo diclofenac ɗin da ake haɗiya kullum har ya taɓa ciki da ƙoda.

Akwai hukumar gwamnati mai suna MRTB da ke ba masu wannan aiki lasisi. Ta leƙa shagunan nan ta ga takardunsu. Sarakunan Hausawa na kasuwanni kuma su yi wa mutanensu magana bayan sallar Juma'a. Dattijon nan dai na rubuta masa Igbobi a bayan wata takarda, ya ninke ya sa a hula, ya ce sai kasuwa ta tashi.