Ranar da Na Sauke Jirgi a Gonar Kabeji

Ɗan ƙanwata ne ya jawo mini wannan abin kunya, domin shi ya sayo ƙaramin jirgin sama irin wanda ake tuƙawa daga ƙasa da rimot, ya kuma dage sai na raka shi wani fili a bayan Bukuru. Tun a mota ya fara karanto mini sunayen sassan jirgin, ni kuwa ina gyaɗa kai kamar wanda ya shekara goma yana aiki a filin jirgin Heipang.

Totur bai ba ni wahala ba, tunda na san shi a mota, a nan ma shi ke ƙara wa farfela gudu. Elibeta, in ji shi, tana kwance a jela, ita ke ɗaga hancin jirgi ko ta sunkuyar da shi. Rada tana tsaye a jelar, tana juya hancin dama ko hagu. Eleron kuma suna bayan fukafukai, su ke karkata jirgin. Da ya ce sabo ne ke motsa su duka, sai na waiga ina neman yaro mai suna Sabo, ashe wani ɗan inji ne da bai kai akwatin ashana ba.

Ya tayar da jirgin yana fuskantar iska, sannan ya miƙa mini rimot ya ce, "Kawu, hannun hagu totur da rada, na dama elibeta da eleron, kuma a hankali ake taɓawa."

Abin da bai faɗa mini ba shi ne, idan jirgi ya juyo yana tunkarar mutum, damarsa ta koma hagun mai tuƙi. Na tura dama, sai na ga ya yi hagu. Cikin firgici na ja elibeta har ƙarshe, ya ɗaga hanci sama kamar raƙumi, gudunsa ya mutu. Yaron ya kwarma ihu, "Sitol, Kawu, sitol!" Wannan kalma ba ta cikin darasin mota, saboda haka na tsaya ina tambayar ma'anarta, kuma kafin ya gama bayanin cewa iska ta daina tallafar fukafukai, jirgin ya riga ya dasa hanci cikin gonar kabeji.

Mai gonar, wata dattijuwa, ta tuge shi daga kunya kamar dankali, ta dubi karyayyar farfela, ta dubi furfurata, sannan ta tambaya cikin ladabi ko direban ya tsira. Na biya kuɗin kabeji uku, na kai su gida, na shaida wa uwargida cewa kasuwa na biya.