A Bar Ɗalibin Lauya Ya Karanta Hukuncin Da Idonsa

Ra'ayina game da yadda ake koyar da shari'o'in kotu a digirin farko na ilimin lauya shi ne cewa yawan da ake ɗora wa ɗalibi ya wuce kima, zurfin da ake kai shi kuwa bai taka kara ya karya ba. Ana miƙa masa dogon jerin shari'o'i a kowane darasi, ya haddace sunan mai ƙara da wanda ake ƙara da shekara da jimla guda da aka ce ita ce ƙa'idar da aka tsayar, ya zuba su a takardar jarrabawa ya ci, alhali mai yiwuwa ne ya kammala karatunsa bai taɓa zama ya karanta hukunci ɗaya daga farkonsa har ƙarshensa ba. Wannan abu yana damuna ƙwarai, domin abin da ya ɓace a hanya shi ne ainihin sana'ar da aka tura shi koyo.

Koyarwa ta hanyar shari'o'in da aka riga aka yanke ba domin hadda aka ƙirƙiro ta ba. Lokacin da Christopher Langdell ya zama shugaban makarantar koyon lauya ta Jami'ar Harvard a Amurka a shekarar 1870, ya bar tsohuwar al'adar da malami ke karanto ƙa'idoji ɗalibai suna rubutawa, ya tattara hukunce-hukuncen kotuna a kan yarjejeniya ya buga su a 1871, sannan ya riƙa titsiye ɗalibai da tambayoyi har su zaƙulo ƙa'idar da kansu. Manufarsa ita ce ɗalibi ya ga yadda alƙali ya tashi daga abin da ya faru ya isa ga hukunci. Mun riƙe shari'o'in, amma a ajujuwa da yawa mun koma ga karantowar da aka gudu tun farko.

Ɗauki shari'ar Donoghue da Stevenson, wadda da wuya a sami ɗalibin lauya a ƙasashen da ke bin tsarin shari'ar Ingila da bai san sunanta ba. A takardar taƙaitawa za ka tarar da layi biyu: wata mata ta sha lemon citta, aka sami ruɓaɓɓiyar katantanwa a kwalbar, kotu ta ce mai sarrafa kaya yana da alhakin kula da lafiyar mai amfani da su. To amma wanda ya buɗe hukuncin na 1932 zai ga abubuwan da layukan nan biyu suka haɗiye. Ba matar ce ta sayi lemon ba a garin Paisley a 1928, wata ƙawarta da suke tare ce ta saya mata, saboda haka babu wata yarjejeniyar ciniki da za ta dogara da ita, kuma wannan ne ya sa batun ya zama mai wuya. Kwalbar ba a ganin cikinta, kuma a rufe ta baro masana'anta, wato babu wanda ke tsakani da zai iya dubawa ya gano aibin. Alƙalai biyar ne suka zauna a kotun ƙolin Birtaniya ta wancan zamani, uku suka goyi bayan matar, biyu suka ƙi, kuma Mai Shari'a Buckmaster ya rubuta hujjoji masu nauyi a kan dalilin ƙin nasa. Wani abin da ɗalibai da dama ba su sani ba shi ne cewa ba a taɓa tabbatar da samuwar katantanwar a gaban kotu ba. Tambayar da aka amsa ita ce, idan abin da matar ta faɗa gaskiya ne, shin doka ta ba ta haƙƙin neman diyya? Daga baya an sasanta a wajen kotu.

Duk wanda ya san waɗannan bayanai zai iya tambayar da ta dace. Da kwalbar garau take ana hango cikinta, shin hukuncin zai canza? Da ba abin sha ba ne, tufafi ne fa? Wannan tambaya ta biyu ba ƙage ba ce, domin 'yan shekaru kaɗan bayan haka ta taso a shari'ar Grant daga Ostareliya, inda sinadarin da ya saura a kamfan ulu ya jawo wa wani likita ciwon fata mai tsanani, aka kuma faɗaɗa ƙa'idar ta haɗa da shi. Wanda ya yi karatun usulul fiƙihu zai gane aikin nan da nan, domin ya san cewa ba a yin ƙiyasi, wato auna sabon lamari da wanda aka riga aka san hukuncinsa, sai an gano illar hukunci, wato dalilin da aka gina shi a kai, kuma illar ba ta fitowa sai an tace abin da ya shafi hukuncin daga abin da ya zo tare da shi kawai. Ɗalibin da aka tace masa bai koyi tacewa ba.

Taƙaitawa tana kuma koya wa ɗalibi ya ɗauka cewa abin sani a shari'a shi ne wa ya yi nasara. A shari'ar Hedley Byrne da Heller ta 1963 masu ƙara sun faɗi, saboda bankin da ya ba da bayani a kan ƙarfin kuɗin wani kamfani, bayanin da suka dogara da shi suka yi asara, ya rubuta tun farko cewa ba ya ɗaukar alhaki. Duk da haka, maganganun alƙalai a cikinta ne suka kafa tushen cewa ana iya kama mutum da alhakin asarar da shawararsa ta sakaci ta jawo. Haka nan ra'ayin alƙalin da ya saɓa wa rinjaye, wanda shi ake fara jefarwa idan za a taƙaita. A shari'ar Plessy da Ferguson ta 1896, Mai Shari'a Harlan shi kaɗai ya ƙi amincewa da wariyar launin fata a kotun ƙolin Amurka, sai a 1954 kotun ta juya baya ga wariyar a makarantu. Ɗalibin da bai taɓa karanta irin wannan saɓani ba zai fita da zaton cewa doka magana ce gamammiya, kuma irinsa ba ya iya tsayawa gaban kotu ya nemi a sake duba abin da aka saba.

Na san uzurin da ake kawowa, kuma ba na raina shi. Ajujuwa sun cika, zangon karatu gajere ne, harshen tsofaffin hukunce-hukunce yana da nauyi, sannan a ƙasashe da yawa yaro ne ɗan shekara 17 ko 18 yake shiga karatun lauya kai tsaye daga sakandare, saɓanin Amurka inda sai an yi digirin farko a wani fanni. Amma wannan hujja ce ta a rage yawa a kuma riƙe hannun ɗalibi, ba ta a hana shi ganin asali ba. Malami ya zaɓi 'yan shari'o'i ƙalilan a kowane darasi waɗanda za a karanta dukkansu, ya zauna da aji a kan ta farko sakin layi bayan sakin layi, yana nuna inda alƙali ke ba da labarin abin da ya faru, inda yake kawo hujjojin lauyoyin ɓangarori biyu, inda ya yanke, da inda yake faɗin ra'ayi kawai wanda bai zama dole ga wata kotu ba. Sauran shari'o'in ana iya ambatonsu a taƙaice babu laifi, tun da ɗalibi ya riga ya san abin da taƙaitawa ke zubarwa.

Lamarin ya ƙara zama na gaggawa yanzu da manhajojin kwamfuta ke taƙaita hukunci cikin ƙiftawar ido. A 2023 wata kotun tarayya a birnin New York ta ci tarar wasu lauyoyi dala 5,000 bayan sun gabatar mata da shari'o'in da ChatGPT ya ƙaga, waɗanda ba a taɓa yin su ba. Abin da ya kai su ga haka shi ne dogaro da abin da aka ce hukunci ya faɗa ba tare da an buɗe hukuncin ba, kuma a aji ake fara koyon wannan ɗabi'a.

Sai dai duk gyaran da za a yi a aji ba zai kama ba muddin jarrabawa tana saka wa mai hadda, domin ɗalibi abin da za a tambaye shi yake karantawa. A daina ba da maki mai yawa don jero sunaye da shekaru. A ba shi labarin wata rigima da bai taɓa ji ba, a haɗa masa da hukunce-hukunce biyu da kowane ɓangare zai iya jingina da ɗaya, a ce ya bayyana wanne ya fi kusa da batun kuma saboda wane dalili, sannan ya rubuta amsar da lauyan ɗaya ɓangaren zai mayar masa.