Gidan bawul da gudumar Apo

Ranar Talata wani dattijon Bature ya riƙe min hannu da guduma a ciki, a gaban yara masu koyo. Abin ya ci min rai. Shekara tara ina kwance injin mota a garejin Apo da ke Abuja kafin Allah ya jefo ni Wichita ta Amurka, amma aka kalle ni kamar yau na fara riƙe sufana.

Injin Lycoming O-320 ne na ƙaramin jirgin sama Cessna 172, ya cika awa 2,000 aka sauke shi. Silinda huɗu, gidan bawul takwas, wato ɗan bututun nan da sandar bawul ke kai da komowa a ciki. Na ɗauko ƙarfe zan buge tsohon ya fita yadda muka saba. Ashe nan ba a haka. Kan silindar alminiyon ne, a tanda ake sa shi ya ɗau zafi ya saki jiki. Sabon gidan kuma a binne shi cikin wata busasshiyar ƙanƙara mai tururi har ya tsuke, sannan a zura. Da zafi da sanyin suka daidaita, ya kama gam. Sai a rarake cikinsa a hankali, a auna, a sake aunawa, a gyara mazaunin bawul. Bayan nan rubutu: lambar kowane ƙarfe a littafin injin, mai lasisi ya sa hannu. Tun kafin a kai ga kwancewa ma, a tsofaffin nan duk awa 400 ana girgiza bawul ɗin fitar hayaƙi a ga wasansa, don dalmar da ke cikin man jirgi na taruwa ta maƙale shi.

Suna da gaskiyarsu, ban musa ba. Mota in ta mutu a hanyar Kubwa a tura ta gefe, sama kuwa ba gefe.

Amma tanda wuta take ci. Ogana na Apo da sukudireba a kunne yake gane bawul ɗin da ya gaji, ba NEPA, ga kayan Beljiyam, ga mai mota tsaye a kansa yana "a dai lallaɓa, Oga". A ba shi rumfar nan mai ɗumi da kayan awon nan, wallahi dattijon ne zai koma miƙa masa sufana.

Da dare na kira Ogan nawa, can ana fitowa sallar asuba.

"Kai yaro, me suka koya maka da ban sani ba?"

Na ce, "Oga, gasa inji suke a tanda."

Ya yi dariya har da tari, ya ce a garwashin mai shayi ya yi na Fijo 504 tun ina goye. Sai ya tambaya ko bana zan zo Babbar Sallah. Na ce masa layin na yankewa.