Kafin ka sayi na'urar daidaita zafin wuta, toshe kafofin murhunka

Masu gasa nama da gawayi a Amurka sun daɗe suna cacar baki kan wata 'yar na'ura da ake maƙala wa murhu ta riƙa daidaita zafin wuta da kanta. Wasunsu na cewa ha'inci ne, wai wanda bai kwana yana gadin wutarsa ba bai isa a kira shi mai gashi ba. Ni ban ga ha'inci a ciki ba, jama'a. Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda ake zuba kuɗi a saye ta (wasu sun haura dala 300) a ɗora wa murhun da iska ke shigarsa ta ko'ina, sannan a dawo ana zagin na'ura.

Gashinsu ba irin tsirenmu ba ne. A Texas, naman ƙirjin saniya kan kwashe awa 12 ko fiye a cikin rufaffen murhu, zafi na tsakanin digiri 107 da 121 a ma'aunin Salshiyas, har sai cikin naman ya kai wajen digiri 95, jijiyoyi sun narke, kitse ya ratsa shi. Duk tsawon lokacin nan ba a son wuta ta yi sama ko ta yi ƙasa. Shi ya sa mutum ke tashi cikin dare yana buɗe kafar iska yana rufewa, kuma wannan wahalar ce kamfanoni irin su BBQ Guru da Flame Boss da FireBoard suka ce za su ɗauke masa.

Kayan ba su da yawa. Akwai ƙaramar fanka da ake ɗaurawa a kafar iska ta ƙasa, da wani tsinken ƙarfe mai waya da ke auna zafi a ciki, sai akwatin da ke karanta awon ya ba fanka umarni. Ka sa mata digiri 110, in zafi ya sauka ta hura, in ya kusa kaiwa ta sassauta. Zugazugin maƙeri ne kawai da aka sa wa lissafi. Masu tsadar cikinsu har wayarka suke turo wa bayani kana kwance.

To ga inda gizo ke saƙa. Na'urar tana iya tayar da wuta, amma ba ta da hanyar sanyaya ta sai dai ta daina hurawa. In murfi bai zauna daram ba, ko ƙofar gefe na da tazara, garwashi zai ci gaba da shan iska ta can ko da fanka ta tsaya cik. Kana kallo zafi zai wuce 130 ya nufi 150, na'ura ba ta da ta cewa, nama ya bushe. Ɗauki murhun gawayi mai suna Weber Smokey Mountain, wanda ya yi suna wajen wannan aiki: kafofin iska uku gare shi a ƙasa, fanka na shiga ɗaya, sauran biyun dole a rufe su ruf. Ƙofarsa ta gefe ma an santa da yoyo, shi ya sa masu shi da yawa ke liƙa mata zaren da ke jure zafi, su zagaye bakin murfi da shi. Kafar sama kuwa ba a rufe ta gaba ɗaya, don hayaƙin da ya rasa mafita ɗaci yake sa wa nama. Ba a kuma wangale ta, don sai ta riƙa jan iska ta cikin fankar ko tana kashe.

Wurin ajiye tsinken awo ma yana ɓata aiki. A maƙala shi a kan ragar da nama yake, da tazarar kamar yatsu biyu. In ya jingina da ɗanyen nama mai sanyi, zai faɗa wa akwati cewa murhu ya huce, fanka ta yi ta hurawa ba gaira ba dalili. Wayarsa kuma ba ta son ruwa, ba ta son harshen wuta.

Kunna wuta: cika kwandon murhun da gawayi, ka zuba garwashi kaɗan a sama ya riƙa ci a hankali yana gangarawa, dabarar da ake jingina wa wani mai gasa nama Ba'amurke, Jim Minion. Ka jona na'urar tun zafi bai kai inda kake so ba. Sannan a rage leƙe, don Allah. Duk buɗe murfi ɗaya iska ce ka ba wuta kyauta.

Na san wani zai tambaya ko za ta yi wa mai tsire amfani. A'a. Tukuba a buɗe take, iskar duniya duk tata ce, kuma tsire da balangu ido da hannun mahauci suke so. Inda nake ganin za ta iya yin rana a wajenmu shi ne masu bandar kifi da nama a rufaffen murhun ƙarfe, waɗanda wuta ke ƙona wa kaya in barci ya ɗauke su. Su ma sai sun tanadi batir, domin da zarar an ɗauke wutar lantarki fanka ta tsaya, garwashi zai fara mutuwa. Kuma a waje ake wannan aiki. Hayaƙin gawayi a rufaffen ɗaki kisa yake.

Ga gwajin da ba ya cin ko sisi. Hura wuta a murhunka ba nama, in ta kama sosai ka rufe duk kafofi, sama da ƙasa. In zafi ya yi ta sauka har garwashi ya mutu, je ka sayi na'urarka. In ka dawo ka tarar yana nan jajir, duba inda hayaƙi ke tsiyayowa, nan ne kuɗinka ya kamata su fara zuwa.