Gashaka Gumti na jiran ƙafafunmu, mu Hausawan Legas

Wata Lahadi na kai yarana biyu Lekki, wurin nan da ƙungiyar kare muhalli ta NCF ta killace tun 1990. Fili ne da bai cika hekta 80 ba, manyan gidaje sun yi masa zobe, amma da ka shiga sai ƙarar motoci ta fara nisa. Muka hau gadar igiyar da aka ɗaura a saman bishiyoyi, mai tsawon mita 401, tana lilo da mu, ƙaramin ya ƙanƙame gefen rigata. Da muka sauko sai wani biri ya diro kan katakon hanya, ya zauna yana kallonmu, jelarsa na reto. Yaron ya yi tsit. Sai da muka shiga mota ya ce, "Baba, mu ma a garinmu akwai daji?" Kafin in buɗe baki yayarsa ta riga ni: "Akwai mana, can ne 'yan bindiga suke."

Har yau amsar nan tana cina. Yarinyar ba ta yi ƙarya ba, abin da take ji ke nan a bakin manya a Agege, a rediyo, da duk wayar da aka bugo daga gida. Mu da muka tashi a ƙauye, daji shi ne inda ake zuwa itace, a tsinko kanya da magarya da ɗinya, a bi mafarauta a baya. Yanzu in aka ce "an shiga da shi daji", kowa ya san kuɗin fansa ake nufi. Gandun Kamuku na Birnin Gwari ya daɗe ba ya shiguwa. Sambisa kanta gandun namun daji ce kafin sunanta ya zama abin tsoro. Ni dai abin da na yi imani da shi shi ne, dajin da mutanen kirki suka daina takawa ba ya zama babu kowa, wasu ne ke gadonsa. Don haka inda har yanzu yake shiguwa, wajibi ne mu shiga, da ƙafa, mu biya kuɗin ƙofa, a san da mu.

Irin wannan wuri shi ne Gashaka Gumti, a tsakanin jihohin Taraba da Adamawa, kan iyakar Kamaru. A 1991 aka haɗe tsoffin gandun Gashaka da na Gumti aka mai da su gandun ƙasa guda. Ya fi murabba'in kilomita 6,000, wato kusan ninki biyu na jihar Legas baki ɗaya, kuma babu wanda ya kai shi girma a Najeriya. Arewacinsa shimfiɗaɗɗen daji ne irin wanda muka sani. Kudancinsa kuwa duwatsu ne da kwazazzabai masu zurfi da kurmi, kuma a can ne Chappal Waddi yake, tsaunin da ya fi kowane tsawo a ƙasar nan, mita 2,419.

Na je da rani. Daga Jalingo ka bi ta Bali har Serti, inda ofishin gandun yake, a kan hanyar Mambila. Daga nan kwalta ta ƙare maka, daga baya ma motar ta ƙare, sai sawunka. Jami'in da ya yi mini rakiya tun asuba ya kafa mini doka: "Malam, magana ƙasa-ƙasa, kuma inda na taka nan za ka taka." Muka gangara wajen kogin Kam, inda ruwa ya ratsa dutse ya yi rami, bishiyoyi suka rufe sama har rana ba ta kai ƙasa sai ɗigo-ɗigo. Ruwan garai yake, kana hango kifi a ƙarƙashi. Mun fi awa biyu muna tafe ban ga komai ba sai kashin ɓauna da sawun mazo a laka, shi kuma yana karanta su kamar allo: wannan na jiya ne, wannan na safen nan. Can sai ya ɗaga hannu muka tsaya cak. A saman wata bishiya, birai baƙaƙe masu dogon farin gashi a kafaɗa suna zaune, jelarsu na zube kamar tuntun hula. Ɗaya ya yi tsalle zuwa wani reshe, farin gashin ya buɗe a iska kamar an yarfa mayafi. Ban san lokacin da na ce Subhanallahi ba.

Ban ga cimfanzi ba, wato babban birin nan mai kama da mutum, kodayake kurmin nan na daga cikin manyan mafakar irin wanda ake samu a Najeriya da Kamaru kaɗai, kuma masu bincike sun daɗe suna bibiyarsa daga sansanin Kwano. Sheƙarsa kawai aka nuna mini, rassa da ganye da ya lanƙwasa can sama ya kwana. Ban ji an cuce ni ba. Gidan zu ne ake biya a nuna maka dabba dole. A daji kai ne baƙo, mai gida kuma in ya ga dama ya fito.

Wani zai ce me ya haɗa ɗan kasuwar Mile 12 da kwazazzabon Taraba? Abin da ya haɗa mu ya fi yawan abin da muke so mu yarda. Shekarun baya an yi wa madobiya kisan ƙare dangi a Taraba, itacen da 'yan katako a can ke kira madrid. Tireloli suka riƙa kwaso gungumensa zuwa tashar jiragen ruwa ta Legas, daga nan sai Sin, har a 2018 aka dakatar da cinikinsa daga Najeriya ƙarƙashin CITES, yarjejeniyar duniya kan cinikin dabbobi da tsirran da ke fuskantar ƙarewa. Ɓawon ɗankunya da hauren giwa da kwastam ke kamawa a kwantena a Apapa, daga dazuzzukan wannan yanki na Afirka suke fitowa. Kayan sun wuce ta gabanmu, a kan titunan da muke bi kullum. Kuma ruwan da ke gangarowa daga duwatsun Gashaka shi ke ciyar da kogin Taraba, ya faɗa Binuwai, ya shayar da gonaki da garken da wasunsu ke ƙarewa a mayankar Oko-Oba.

Na yi wannan magana da wani dattijo mai sayar da albasa, mutumin da nake ganin girmansa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ɗana, wanda ke neman na tuwo ba ya yawon kallon biri. Kuma wa zai tabbatar maka ka dawo?" Na ce, "Gaskiya ne, Baba." Tafiyar da nisa, kuma da tsada. Maganar tsaro kuwa ba abin wasa ba ce. Wanda zai je, ya fara tuntuɓar hukumar gandun, ya ji halin da hanya take ciki a wannan makon, kada ya yi tafiyar dare, kada ya shiga ba ɗan rakiya. Ba ɗan dako da mai turin baro nake kira ba. Amma mu nawa ne a nan ke kai iyali Dubai ko Masar hutu? Ƙungiyoyinmu na 'yan kasuwa nawa ne ke haɗa motoci cur don ɗaurin aure a Kano? Kuɗin da tsarin duk muna da su, zuciyar ce ba ta karkata can ba.

Akwai kuma abin da ya fi damuna. A cikin gandun akwai rugage da ƙauyuka a kan tuddai, Fulani da sauran ƙabilu da suke can tun kafin a shata iyaka. In aka ce wa makiyayi kada ya shiga da shanu, aka ce wa saurayi kada ya haƙa ma'adini ko ya ɗana tarko, to da me zai maye gurbinsu? Tun 2017 wata gidauniya mai suna ANI ta shiga haɗin gwiwa da hukumar gandun dajin ƙasa, ana horar da masu gadi, ana samar musu kayan aiki, kuma abin a yaba ne. Sai dai bindigar mai gadi ita kaɗai ba ta riƙe daji mai wannan faɗi. Abin da ke riƙe shi shi ne mutumin Gashaka ya ga cewa ɓauna mai rai tana kawo masa baƙon da zai ɗauke shi jagora, ya sayi zumarsa, ya ci abincin matarsa, ya hau babur ɗin ƙanensa. Baƙon da ke jin Hausa, wanda zai yi sallama ya zauna a tabarma ya yi salla tare da su, ya fi kowa saurin sa su ji cewa gandun nasu ne, ba na Turawa ba.

Lokacin zuwa shi ne daga Disamba zuwa Maris, sa'ad da koguna suka janye, hanya ta bushe. Na riga na kai maganar gaban ƙungiyar unguwarmu, mutum huɗu sun ba da suna. Yarinyar nan tawa ita ce ta biyar. Da na nuna mata hoton kogin Kam a waya, ta daɗe tana kallo, sannan ta tambaye ni ko ruwan yana da sanyi, kuma wane irin takalmi ake sawa.